Shagon Mai Ɗinki da 'Yar Mai Shari'a

Tun da gari ya waye Auta ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗauki gyale ta ajiye, ta buɗe jaka ta rufe, ta haɗa shayi ta manta da shi a kan tebur har ya huce.

Ba ita ce za ta tsaya gaban malamai yau ba, nata kundin binciken da sauran lokaci. Dogo ne zai tsaya. Dogo, ɗan ajinsu a karatun digiri na biyu na shari'a, wanda ta daɗe tana musu da shi a aji kafin ta gane musun nan ba na ƙiyayya ba ne.

"Ke wai lafiyarki?" Umma ta faɗa daga bakin kicin. "Kin ishe ni da zagaya falo kamar kazar da za ta saki ƙwai."

"Lafiya lau, Umma."

"To ki nemi wuri ki zauna. Barista ya iso, yana wajen Abbanki. Tare za su fita."

Auta ta tsaya cak.

"Ina za su je?"

"Makarantarku mana. Ba yau yaron nan naki zai karanta abin da ya rubuta ba? Barista ya ce taron na kowa da kowa ne, ya kamata Abbanki ya je ya ji da kunnensa."

Auta ta dafa kujera.

Duk 'yan ajinsu lauyoyi ne, amma Barista ne kaɗai mutumin da ta sani da ya mayar da sana'a suna, har mahaifiyarsa haka take kiransa. A hannun Abba ya taso, tun yana ɗaukar masa jaka. Yanzu ya yi ofis, ya yi mota, ya yi tumbi, saura mata. Ya kawo maganar auren Auta tuni. Abba bai ce a'a ba, bai ce i ba, cewa ya yi, "Ban ji ɗaya ɓangaren ba."

Haka Abba yake. Ya ajiye aikin alƙalanci da daɗewa, amma har yau mutane Mai Shari'a suke ce masa, kuma har yau ko rigimar 'yan jikoki a kan alewa ba ya raba ta sai ya ji ta bakin kowa.

Matsalar ita ce ɗaya ɓangaren. Babi na huɗu na kundin Dogo, daga farkonsa har ƙarshensa, a kan wani tsohon hukuncin Abba yake. Kuma abin da babin ya ce a taƙaice shi ne, Mai Shari'a ya yi kuskure.

"Umma, don Allah ki hana shi zuwa."

"Ni? In hana Abbanki? Ke da kika karanta doka, a wane littafi kika ga an taɓa yin haka?" Umma ta matso, ta rage murya. "Auta, ki ji tsoron Allah ki ji tausayin kanki. Ga mutum ɗan gida, mun san shi ya san mu. Kin tsallake shi kin je kin ɗauko wanda zai tsaya gaban jama'a ya kwance wa ubanki zani a kasuwa."

"Ba zagi ba ne, Umma. Bincike ne."

"Binciken ya rasa alƙalin da zai bincika duk ƙasar nan sai mijina?"

Auta ta juya. Ta figi jaka, ta zura takalmi, ta fice ko sallama ba ta yi ba. A tsakar gida ta wuce motar Barista tana sheƙi, ta ji kamar ta ɗauki dutse.

* * *

A ɗakin karatu na ɗaliban digiri na biyu ta same shi, can ƙurya inda fanka ba ta kaiwa. Ya jera kwafin takardun da za a raba wa mahalarta, yana maƙale su ɗaya bayan ɗaya. Rigar kwat ɗin da ya sa ta yi masa gajarta a hannu kamar kullum.

Ya ɗago ya yi murmushi. "Kin zo ki tsorata ni ko ki ƙarfafa ni?"

"Abba yana zuwa."

Murmushin ya tsaya a inda yake.

"Barista ne zai kawo shi. Dogo, da gangan ya yi. Ya san abin da ka rubuta."

"Kowa ya san abin da na rubuta. Ke ma kin sani, ke kika gyara min rabinsa."

"Na gyara ne don Farfesa ya karanta a ofis, ba don a karanta wa Abba a fuskarsa ba!" Wani ɗalibi ya waigo, ta sassauta murya. "Ka tsallake babin. Ko ka tausasa shi. Ka ce a zamanin haka dokar take, ka ce alƙali ba shi da zaɓi. Kai lauya ne, ka san yadda ake zagaye magana."

"Yana da zaɓi, Auta."

"Na sani! Amma yau ba ranar sani ba ce."

Ya ajiye abin maƙale takardun. Ya ja mata kujera, ta ƙi zama.

Shari'ar ta san ta kamar tafin hannunta. Wata mata ce mai ɗinki. Mijinta ya rasu ya bar mata shago a bakin titi, ita kuma ta kwanta jinya. Ƙanin mijin ya ce ya zuba 'yan haya, yana kawo mata ɗan abin da ya samu wai kuɗin haya ne. Ashe tuni ya sayar. Shekaru suka shuɗe, ta warke, ta je za ta koma shagonta, aka nuna mata takardar ciniki. Da ta kai ƙara, Abba ya duba ranar cinikin, ya duba wa'adin da doka ta ba mutum ya kai kuka, ya ce ta makara. Ya kori ƙarar. Abin da Dogo ya rubuta shi ne, wanda aka ɓoye wa zalunci ba a fara ƙirga masa wa'adi sai daga ranar da ya sani.

"Matar nan ko tana raye ma ba mu sani ba," in ji Auta, hawaye ya fara taruwa. "Za ka rasa ni saboda matar da ba ta san kana yi ba?"

Dogo ya kalli ƙasa.

"Tana raye," ya ce. "Ita ta goge min rigar nan da safe."

Auta ta zuba masa ido. Sai a lokacin ta zauna.

"Me ka ce?"

"Inna ce. Mahaifiyata. Ina ɗan firamare aka yi shari'ar. Ni na riƙe mata jaka a bakin kotun."

"Innalillahi." Ta toshe baki. Hawayen ya ɓalle. "Duk tsawon lokacin nan? Ina gyara maka babin, ina cewa wayyo matar nan, kana kallona? Dogo, kana kallona?"

"Na so in faɗa miki."

"Yaushe? Bayan an ɗaura?"

"Kullum in na buɗe baki sai in ga kamar zan ɗora miki laifin da ba naki ba."

"Ko dai ka san 'yar wanda nake tun farko? Faɗa min gaskiya. Ka shigo rayuwata ne don ka rama?"

Ya ɗago da sauri, idonsa ya kaɗa.

"Ranar da kika ƙaryata ni a aji har Farfesa ya yi dariya, ban san ko 'yar wa ce ke ba. Na koma gida ban iya cin abinci ba, ba don haushi ba. Da na gano, wallahi na yi ƙoƙarin in daina. Na canza kujera. Kin manta? Ke kika biyo ni da cewa na gudu ne don na rasa hujja."

Ta tuna. Kukan ya ƙaru.

"Inna ta sani?"

"Ta san akwai ki. Ba ta san gidanku ba. Tana zuwa yau. Ta ce ba ta jin yaren lauyoyi, amma tana so ta zauna a wurin da za a ce ba ita ce mai laifi ba. Shi ke nan abin da take nema, Auta. Ba shago ba. Shagon an rushe shi ma."

Auta ta miƙe, ta je bakin taga, ta dawo, ta sake komawa. Daga sama ta hango baƙar motar Barista tana shigowa harabar sashen, mai gadi yana ɗaga hannu.

"Sun iso."

Ta juyo fuskarta jage-jage.

"Ni ban san me zan ce maka ba. Amma na san Abba. In ka kunyata shi yau, an gama. Kafin mako ya zagayo zai ba Barista amsa. Innarka za ta yafe maka, uwa ce. Abba ba zai yafe ba."

"Kina so in zaɓa ke nan."

"Ina so kada in rasa ka."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tattara takardun ya rungume a ƙirji.

"Na ji," ya ce.

Ya wuce ta. 

* * *

Zauren ya cika fiye da yadda aka saba. Labari ya zaga cewa Mai Shari'a da kansa ya zo, har 'yan ajin ƙasa sun tsaya a jikin bango.

Farfesa ya zauna a tsakiyar dogon tebur, malamai biyu a gefensa. Abba yana layin gaba, sandarsa tsakanin ƙafafu, tabarau a kan karan hanci, yana bin takardar da aka raba da yatsa. Barista na kusa da shi ya harɗe ƙafa, yana raba murmushi kamar shi ya gina zauren.

Auta ta zauna a tsakiya. Ta kasa daina waige. A layin ƙarshe, kusa da ƙofa, ta ga wata dattijuwa siririya, doguwa, da tsohuwar jakar hannu a cinya ta riƙe da hannu biyu. Ba sai an gaya mata ba. Goshin iri ɗaya ne.

Dogo ya fara. Babi na ɗaya, na biyu, na uku, maganar tana zuba kamar ruwa, Farfesa yana gyaɗa kai. Auta tana murza bakin gyalenta har ya tattare.

Ya iso babi na huɗu.

Ya tsaya. Ya sha ruwa. Ya kalli layin ƙarshe, ya kalli tsakiya, ya sauke ido.

"Game da shari'ar shagon mai ɗinki," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "idan aka yi la'akari da yanayin da ake ciki a lokacin... da yadda dokar take a rubuce... za a iya cewa hannun kotu a ɗaure yake. Hukuncin... hukuncin daidai ne."

Zauren ya yi tsit. Sai ƙarar takardu, kowa yana juya shafi yana neman inda aka rubuta haka.

Auta ta waiga. Dattijuwar ba ta motsa ba. Ba ta jin yaren lauyoyi, amma uwa ta san muryar ɗanta in yana faɗin abin da ba shi ne a ransa ba. A hankali ta sunkuyar da kai, ta ƙara matse jakar.

Abin da Auta ta roƙa ke nan. Ta samu. Ta ji kamar an zuba mata garwashi a ƙirji.

Farfesa ya cire tabarau. "Malam, abin da ka ba mu a rubuce ba haka ya ce ba."

Kafin Dogo ya amsa, sanda ta bugi ƙasa sau ɗaya.

"Farfesa, a ba baƙo dama?"

"Ranka ya daɗe, wuri naka ne."

Abba bai miƙe ba. Ya ɗaga takardar sama.

"Yaro, a nan ka rubuta cewa na yi kuskure. Ka kawo dalilai, wasu ma sun yi nauyi. Yanzu kuma bakinka ya ce na yi daidai. Wanne zan saurara, takardar ko bakin?"

"Ranka ya daɗe..."

"Ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi. Ina tambaya ne wanne."

Gumi ya keto wa Dogo. 

Nan Barista ya ga ƙofa ta buɗe. Ya miƙe yana gyara maɓallin kwat.

"In an yarda in taimaka wa zaure. Ni na tsaya wa wanda ya sayi shagon a wancan lokacin, ita ce shari'ata ta farko, don haka fuskokin ba su ɓace min ba." Ya juya ya nuna layin ƙarshe da hannu. "Ga mai ƙarar can a zaune. Mahaifiyar wannan ɗalibin ce. Wannan ba bincike ba ne, ramuwa ce aka sa wa riga. Da ya ga kuma akwai abin da yake nema a gidan Mai Shari'a, sai ya lashe amansa. Jama'a su yi alƙalanci."

Zauren ya kaure. Kawuna suka juya baya gaba ɗaya. Dattijuwar ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

Auta ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ni na sa shi!"

Hayaniyar ta mutu.

"Ni na roƙe shi ya canza. Ɗazu, a ɗakin karatu. Takardar ce gaskiya, Abba. Bakin nawa ne, aro ya yi."

Abba ya juyo a hankali, ya kalle ta ta saman tabarau. Kallon da tun tana yarinya yake sa ta fitar da abin da ta ɓoye a baya.

"Da wane matsayi kike magana? 'Yata ko lauyarsa?"

 "Ɗaliba. A ajin nan nake."

"To ɗaliba, ke me kika gani? Na yi kuskure?"

 Ta tuna Umma, ta tuna zani a kasuwa. Hawaye yana zuba, ba ta share ba.

"Ka yi, Abba."

Wani a jikin bango ya ce, "Kai!"

"Dalili?"

"An sa wa'adi ne don kada mutum ya kwanta barci a kan haƙƙinsa. Ita ba barci ta yi ba, rufe mata ido aka yi."

"Doka ta ce daga ranar da abin ya faru. Ba ta ce daga ranar da aka farka ba. In kowa zai zo bayan shekaru ya ce bai sani ba, wane ciniki ne zai zauna? Wanda ya saya da kuɗinsa fa, shi ba mutum ba ne?"

Auta ta daburce. Amsar tana cikin babin, ita ta gyara ta, amma ta gudu daga kanta.

"Ba kowa ba, ranka ya daɗe."

Dogo ne. Ya saki teburin da ya dafa, ya miƙe sosai, har ya fi ɗazu tsawo.

"Ba duk wanda ya ce bai sani ba. Wanda aka ɓoye wa da gangan. Mutumin yana kai mata abu duk wata da sunan haya, don kada ta je ta duba. Wanda ya saya kuma ya san shagon na magada ne, bai nemi ganin kowa ba. In wa'adi ya ci gaba da tafiya a haka, to dokar ta zama ladan wanda ya fi iya ɓoyewa. Kuma duk wannan yana cikin bayanin da ta shigar. Ba a kai ga sauraronsa ba, aka rufe a kan kwanan wata." Ya numfasa. "Gaskiya ne uwata ce. Farfesa ya sani tun ranar da na zaɓi batun. Kasancewarta uwata bai sa hujjar ta zama ƙarya ba. Na janye abin da na faɗa ɗazu. Hukuncin ba daidai ba ne."

Farfesa ya gyaɗa kai. "Ya gaya min. Na ce masa ya rubuta, in ya kasa kare shi in kayar da shi da hannuna."

Barista ya buɗe baki, Abba ya ɗaga masa yatsa ɗaya ba tare da ya kalle shi ba. Ya koma ya zauna.

Abba ya dogara sanda ya miƙe. Bai nufi tebur ba. Ya bi tsakanin kujeru, ɗalibai suna janye ƙafafu, har layin ƙarshe. Ya tsaya gaban dattijuwar.

"Baiwar Allah, yaushe kika san an sayar da shagon?"

Ta ɗago. Muryarta ba ta rawa.

"Ranar da na je da keken ɗinkina zan shiga, ranka ya daɗe. Wani mutum ya tare ƙofa. Washegari na nemi lauya."

"Washegari."

"Washegari." Ta dube shi. "A wancan lokacin ba ka tambaye ni ba."

Ko tari babu wanda ya yi. Auta ta kalli Abba. Mutumin da ba ya raba rigimar alewa sai ya ji ta bakin kowa.

"Ban tambaya ba," ya ce.

Ya juya ya fita.

* * *

A barandar sashen suka same shi, ya zauna a kan dogon benci yana kallon harabar. An tashi daga taron. Farfesa ya ce kundin ya wuce, amma Dogo ya gode wa Allah da ba a ba da maki a kan tsoro.

Barista ya riga su isa, mukulli a hannu.

"Ranka ya daɗe, in kawo motar?"

"Ka tafi. Zan nemi hanya."

"Amma ai ni..."

"Ka san matar tana cikin zauren. Ka san ko wace ce tun kafin mu baro gida. Ka bar ni na shigo a makance don ka ci riba. Ba haka na koya maka ba. Ka tafi."

Barista ya kalli Auta, ya kalli Dogo, ya sauka matakala yana danna waya kamar wani ya kira shi.

Auta ta durƙusa gefen bencin. Dogo ya rusuna daga nesa, Inna tana tsaye a bayansa.

"Abba, ka yafe min."

"Wanne? Na gaskiyar da kika faɗa, ko na ƙaryar da kika sa aka faɗa?"

Ta fashe da kuka.

Abba ya dubi Dogo. "Kai kuma. Da ka tsaya a kan takardarka tun farko, da ka fi burge ni. Wanda ya saki shari'ar uwarsa saboda 'yata, me zai hana wata rana ya saki 'yata saboda wani abin?"

"Na yi kuskure, ranka ya daɗe."

"Ka yi. Ka kuma gyara kafin a tashi. Ni nawa ya kwana shekaru." Ya ja dogon numfashi. "Na zo ne in ji ɗaya ɓangaren in yanke. Na ji. Amma ba zan yanke ba."

Auta ta ɗago a firgice. "Abba?"

"Ku biyun kun karanta. Alƙalin da yake da hannu a cikin magana, me yake yi?"

Dogo ne ya amsa, a hankali. "Sauka yake yi. Ya miƙa wa wani."

"To na sauka. In na hana ka, za a ce haushi ne, kuma wataƙila haushin ne. In na ba ka, za a ce toshiyar baki ce, kuma wataƙila ita ce. Ban yarda da zuciyata a kan wannan ba." Ya nuna Inna da kan sanda, cikin girmamawa. "Ga wadda za ta yanke. In ta yarda ta haɗa zuri'a da mutumin da ya rufe mata ƙofa, ni ba ni da ja. In ta ce a'a, an rufe maganar, kuma babu ɗaukaka ƙara."

Auta ta juya ta dubi Inna. Duk tsoron da ta kwana da shi na Abba ne. Ba ta taɓa kawo wannan ba. Matar da Auta ta sa ɗanta ya ƙaryata ta a gaban jama'a, ita ce yanzu alƙali.

Inna ta tako a hankali. Ta tsaya a kanta, tana kallonta tun daga ɗankwali har takalmi.

"Ke ce kika ce masa ya ce daidai ne?"

"Ni ce, Inna."

"Kin san ni ce uwarsa lokacin da kika faɗa?"

Ƙarya tana kusa, a kan harshe. Dogo ma ba zai tona ba. Auta ta runtse ido.

"Na sani. Ya gaya min, na sake roƙonsa."

"Inna, don Allah..." Dogo ya fara.

"Kai rufe min baki, ka yi maganarka ta yau." Ba ta ɗauke ido daga kan Auta ba. "Kuma ke ce kika miƙe kika ce wa ubanki ya yi kuskure."

"Ni ce."

"Yarinya ɗaya."

"Ni ɗaya ce, Inna."

 Inna ta buɗe tsohuwar jakar, ta lalubo, ta zaro tef ɗin awo, ya koɗe har lambobin farko sun goge.

"Tashi tsaye."

Auta ta miƙe. Inna ta juya ta, ta ɗora tef daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ta sauke shi tsawon hannu, tana motsa leɓe. Dogo ya saki baki. Wani murmushi ya fara ɓullo masa.

"Inna, ke nan kin..."

"Kada ka yi saurin washe haƙora." Ta naɗe tef ɗin a yatsu ta mayar jaka, ta ja zif. "Awo daban, yanka daban. Na sha auna yadi in mayar wa mai shi."

Ta dubi Auta.

"Gobe ki zo gidana. Ke kaɗai, ban da shi, ban da ubanki. Ni ba na yanke wa mutum hukunci ban tambaye shi ba."

Abba ya sunkuyar da kai.

Inna ta gyara gyale ta sauka matakala, ɗanta ya bi ta a baya yana waige. Auta ta tsaya a barandar, hannunta a kan kafaɗar da aka auna, har yanzu tana jin sanyin tef ɗin a wurin.